Yadda ake tafiya Ladakh, ƙasar gidajen ibadar mabiya Buda a tsaunukan Himalaya

Tambayoyin da masu karatu ke ta maimaitawa a kan Ladakh kusan iri ɗaya ne: ta ina ake shiga, a wane wata, me za a riƙe, kuma Musulmi zai samu abin ci da wurin salla? Yankin yana can ƙuryar arewacin Indiya, tsakanin tsaunukan Himalaya da Karakoram, ga iyakar Sin ta gabas, ga ta Pakistan ta yamma. Babban garinsa Leh yana kan tudu mai tsayin mita 3,500 daga teku. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos kimanin 1,200 ce, dutsen Chappal Waddi da ya fi kowane tsayi a Najeriya kuwa 2,419 ne. A Leh duk numfashin da ka ja kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na iskar oksijin da ka saba samu a gida. Saboda haka tsayin wuri shi ke tsara wannan tafiya: ana farawa da inda ya fi ƙasa, ana hawa a hankali. Mafi yawan waɗanda tafiyar ta ɓaci musu, wannan jerin suka birkita.

1. Gwajin jini kafin sayen tikiti

Je asibiti ka tabbatar da rukunin jininka na sikila. Wannan mataki ya fi shafar mutanenmu fiye da sauran baƙin da ke zuwa can, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, da yawa kuma ba su ma sani ba tunda ba ya damunsu a gida. A kan tudu inda iska ta yi ƙaranci, ƙwayoyin jinin mai AS na iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har ya harba zuwa kafaɗar hagu, kuma yakan zo a kwanakin farko. Mai AS ya zauna da likita ya gaya masa tsayin wuraren da lambobinsu. Mai SS ko SC kuwa, shawarar gaskiya ita ce ya haƙura da wannan tafiya. Mai ciwon zuciya, ciwon huhu, hawan jinin da bai daidaita ba, da mace mai juna biyu, su ma sai da amincewar likita.

A zaman nan ka tambayi likita maganin acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox. Yadda aka saba ba da shi don rigakafi shi ne miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, wannan ba abin tsoro ba ne.

Gargaɗi: idan magungunan rukunin salfa, irin su Septrin ko Fansidar, sun taɓa yi maka illa, ka faɗa wa likita kafin ya rubuta maka shi.

2. Zaɓen wata

Daga Yuni zuwa Satumba ne lokacin tafiya. Da rana zafi kan kai digiri 20 zuwa 30 a Leh, da dare ya sauka ƙasa da 10, a bakin tafkuna kuma ya kusa sifili ko a tsakiyar Yuli. Satumba ta fi daɗi: jama'a sun ragu, ruwan da ke yanke hanyoyi ya ja baya, sama ta yi tas. Mai son ganin bikin Hemis, inda ake rawar rufe fuska ta kwana biyu a harabar gidan ibadar, ya nufi ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Ranar tana bin kalandar Tibet, tana sauyawa kowace shekara, sai a bincika kafin a yanki tikiti, a kuma kama ɗaki da wuri. Daga Nuwamba zuwa Afrilu dusar ƙanƙara kan rufe hanyoyin mota, sanyi ya kai digiri 15 zuwa 20 ƙasa da sifili, famfuna su daskare. Baƙon farko kada ya je a lokacin.

3. Biza da takardu

Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6. Wasu ƙasashe na samun bizar Indiya ta intanet, wasu sai ta ofishin jakadanci, don haka ka duba matsayin fasfonka a shafin gwamnatin Indiya kanta. Akwai shafukan bogi da ke kwaikwayonsa suna karɓar kuɗi. Indiya na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, tana kuma da ofishi a Yamai. Fara nema wata biyu kafin tafiya.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara wajibi ne ga mai tasowa daga ƙasashenmu, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6. Tambayi ofishin biza ko suna neman shaidar rigakafin shan-inna, su kuma faɗa maka makonni nawa kafin tafiya za a yi.

Ka yi kwafi 10 na shafin hoton fasfo da na biza, ka haɗa da ƙananan hotuna. Idan za ka sayi inshorar tafiya, karanta ko ta rufe wuraren da suka haura mita 5,000, domin da yawa suna tsayawa ƙasa da haka.

4. Haɗa kaya

Jiragen cikin gida na Indiya yawanci kilo 15 suke ɗauka a ƙasan jirgi da kilo 7 a hannu, ƙasa da abin da jirgin da ya kawo ka Delhi ya yarda. Tufafi a jera su hawa-hawa: rigar ciki mai riƙe ɗumi, suwaita, sai babbar riga mai tare iska. Haɗa da hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa mai kauri, da takalmin da ka riga ka saba da shi kuma mai sauƙin cirewa, domin za ka yi ta cire shi a ƙofofi. Tabarau mai tare hasken rana dole ne. Man kare fata daga rana shi ma, baƙar fata tana ƙuna a wannan tsayi. Iskar can busasshiya ce ƙwarai, ka riƙe man kaɗanya ko basilin don leɓe da cikin hanci, yana rage haɓo. Sai tocila, gorar ruwa, filas, faracitamol, gishirin ORS, da ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana auna oksijin. Soket ɗinsu mai zagayen baki ne, ka sayi adafta. Batirin cajin waya a jakar hannu ake sa shi.

Gargaɗi: wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya ko Iridium haramun ce a Indiya ba tare da izini ba, an sha kama baƙi a filin jirgi a kanta, har da masu na'urar GPS mai aika saƙo. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto shi ma a bar shi a gida.

5. Hanyar shiga

Daga Najeriya ko Nijar yawanci ana canjin jirgi a Addis Ababa ko Doha zuwa Delhi. Daga nan hanya uku ce.

Jirgin sama zuwa Leh bai wuce awa ɗaya da rabi ba, kuma yawanci da safe yake tashi. Shi ya fi sauri, shi kuma ya fi girgiza jiki, tunda Delhi ba ta kai mita 300 ba.

Hanyar mota daga Srinagar, birnin da ke Kashmir, zuwa Leh kimanin kilomita 420 ce, kwana biyu, ana kwana a Kargil. Ta ƙetare mashigin Zoji La mai kusan mita 3,500 da Fotu La mai kusan 4,100, amma wurin kwana yana ƙasa da Leh, sai jiki ya saba a hankali. Ta kuma bi ta gidan ibadar Lamayuru da kusa da na Alchi. Ga mai lokaci, ita ce ta fi dacewa, matuƙar an duba labarin tsaron Kashmir a makon tafiya.

Hanyar mota daga garin Manali, ta kudu, ta fi kyan gani, ta fi wahala. Ta haye Baralacha La mai kusan mita 4,900 da Tanglang La da ya haura 5,300. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne kwana a tantunan Sarchu, sama da mita 4,200, a dare na farko. Idan dole ne ka bi ta, kwana a Keylong ko Jispa, sun fi ƙasa. Mafi kyau ka ajiye ta don dawowa. A Yuli da Agusta damina kan zabtare ƙasa a ɓangaren Manali.

6. Kwana biyun farko a Leh

Hukumomin Leh sun wajabta wa mai saukowa ta jirgi hutun awa 48 kafin ya haura sama, kuma dokar na da dalili. Abin da ke yaudarar mutane shi ne a awannin farko za ka ji garau. Ciwon tudu yakan bayyana bayan awa 6 zuwa 12, sau da yawa cikin dare.

Ranar farko ka tafi masauki ka kwanta. Kada ka ɗauki jaka ka hau bene da ita. Sha ruwa lita 3 zuwa 4 a yini, ci abinci mara nauyi, guji maganin barci da taba. Rana ta biyu ka yi tattaki kaɗan a kasuwa da yamma, ka ga masallacin Juma'a, ka nemi layin waya. Hawa matakalar Shanti Stupa, farar hasumiyar mabiya Buda da ke kan tudu, ko tsohuwar fadar Leh a bar shi sai rana ta uku.

Ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci da rashin barci alamun ciwon tudu mai sauƙi ne. Maganinsa hutu, ruwa, faracitamol, kuma kada a ƙara hawa sai sun tafi. Alamun da ba a jira da su kuwa su ne haki alhali kana zaune, tari mai kumfa ko ruwan hoda, tangaɗi kamar mai maye, rikicewar magana, ko barci mai nauyin da ba a iya tashin mutum. Waɗannan na nufin ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma suna kisa cikin awanni. A Leh a garzaya asibitin SNM. A wajen gari a sauko da mutum nan take, ko da tsakar dare ne, saukar mita 500 zuwa 1,000 kan kawo sauƙi. Gwaji mai sauƙi: a ja layi a ƙasa a ce ya taka shi diddige na taɓa yatsa. Idan ya kasa, a sauka.

Gargaɗi: ciwon tudu ba ya zuwa da zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari. Idan ka ji haka, gaya wa likita daga inda ka fito a gwada maleriya, domin ba ita za ta fara zuwa masa a rai ba.

Layin waya na sayen kati da aka yanka a wata jihar Indiya ba ya aiki a Ladakh, layin gida ma kada ka dogara da shi. Ka yanki sabo a Leh da fasfo da biza.

7. Gidajen ibadar kwarin Indus

Gompa suke kiran gidan ibadar, mazaunansa kuma lama. Sa'ar matafiyi ita ce manyansu suna jere a bakin kogin Indus, a tsayin da bai fi na Leh ba sosai, sai su cika kwana na uku zuwa na biyar yayin da jiki ke ƙara sabawa.

Rana ta uku ka nufi gabas. Thiksey na da nisan kilomita 19, gini mai hawa 12 da ya lulluɓe tudu. Ka bar Leh da asuba don ka iske addu'ar safe. Lama biyu kan tsaya a kan rufi su busa ƙaho su fuskanci kwari, sannan a shiga zaure a zauna a dogayen layuka ana karatu da ganga, ƙananan almajirai suna zagayawa da butoci suna zuba shayin man shanu. Baƙo yana zama ne a jikin bango. A nan ne mutum-mutumin Maitreya, wato Budan da suke jiran zuwansa, mai tsayin mita 15 yake, ya ratsa hawa biyu. Daga nan ka wuce Hemis, kimanin kilomita 45 daga Leh, a ɓoye cikin wani lungun dutse, yana da gidan tarihi da ya cancanci awa guda. Shey na kan hanyar dawowa.

Rana ta huɗu da ta biyar ka nufi yamma: Likir, sai Alchi mai nisan kusan kilomita 65. Alchi ba a kan tudu yake ba, a fili yake cikin ƙauye tsakanin itatuwan afirkot, kuma zanen bangonsa ya kai shekara 800 zuwa sama. Ɗakunan duhu ne, ka riƙe ƙaramar tocila, ka ba idonka minti biyu ya saba. Kwana a Alchi yana da amfani domin ya fi Leh ƙasa. Washegari ka ƙarasa Lamayuru, kimanin kilomita 125 daga Leh, ka dawo.

Kuɗin shiga yawanci rupee (kuɗin Indiya) 30 zuwa 100 ne, ka riƙe canji. Da yawa suna rufewa da azahar na kamar awa ɗaya. Gompa uku a rana sun isa, domin kowane da matakalarsa.

8. Ladabin shiga

Gaisuwarsu "juley" ce, tana zaman sannu, na gode da sai an jima. Cire takalmi da hula a ƙofar zaure, mayafi ko hijabi ba matsala. Sutura ta rufe kafaɗa da gwiwa. In ka zauna, kada ka miƙe ƙafa tana kallon mutum-mutumi ko lama, kada ka hau shimfiɗar lamomi, kada ka tsallake littafi. Kada ka taɓa zanen bango, maiƙon hannu yana cin fentin. A Alchi an hana ɗaukar hoto a cikin ɗakuna, a sauran wurare ka duba allo, kuma ban da walƙiyar kyamara. Nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum.

Idan ka iske farar hasumiyar da suke kira chorten ko dogon bangon duwatsu masu rubutu a hanya, ka wuce kana barin su a hannunka na dama. Wanda ya yi ɗawafi ƙafarsa ta saba da barin Ka'aba a hagu, sai ya kula, a nan akasin haka ake wucewa. Ba wanda zai nemi baƙo ya rusuna, ya juya gangar addu'a ko ya kunna fitila. Ka tsaya a gefe cikin natsuwa, hakan ya wadatar, kuma sun saba da maƙwabtansu Musulmi shekaru aru-aru.

9. Izini da mota

Kwarin Nubra, tafkin Pangong da tafkin Tso Moriri suna kusa da iyaka, baƙon waje sai da takardar izinin shiga yankin da aka keɓe. Ana yin ta ne ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a Leh, da fasfo da biza, yawanci cikin yini ɗaya na aiki. An saba ba da ita ga mutum biyu zuwa sama, mai tafiya shi kaɗai kamfanin kan haɗa sunansa da na wasu. Ana biyan kuɗin muhalli rupee 400, da rupee 20 na kowace rana, da ɗan kuɗin Red Cross, sai ladan kamfani. Ka ba da fasfonka a rana ta biyu don takardar ta fito kana yawon kwarin Indus. Tabbatar an rubuta sunan kowane wuri da za ka je, ka yi kwafi 6 zuwa 8, domin shingaye kan karɓi ɗaya su riƙe.

Motar haya da ta zo daga wajen Ladakh ba a barin ta ta yi yawon cikin yankin, sai ta ƙungiyar direbobin Leh. Ƙungiyar na buga jadawalin farashi kowace shekara, ka nemi a nuna maka shi. Kuɗin na mota ne gaba ɗaya, don haka mutum 4 ko 5 su haɗu su raba. A ƙofofin kamfanoni ana liƙa takardun masu neman abokan tafiya. Kafin ku tashi ka tambayi direba ko yana da tukunyar oksijin da tayar sauyi.

Gargaɗi: kada ka ɗauki hoton sansanin soja, gada, shinge ko ayarin motocin soja.

10. Nubra kafin Pangong

Wannan jerin ba a juya shi. Diskit da ke Nubra kimanin mita 3,100 ne, bakin Pangong kuwa ya haura 4,200. Wanda ya tashi daga Leh ya kwana a Pangong a rana ta uku shi ne wanda ake saukowa da shi cikin dare.

Rana ta shida ka bar Leh da safe, ka haye mashigin Khardung La mai mita 5,359, kimanin kilomita 40 daga gari. Minti 15 zuwa 20 sun isa a saman, kada ka yi gudu ko tsalle don hoto. Zuwa Diskit awa 4 zuwa 5 ne. Gompan Diskit na manne a jikin dutse, a gabansa ga mutum-mutumi mai mita 32 yana kallon kwarin Shyok. A Hunder, kusa da nan, akwai tudun yashi da raƙuma masu tozo biyu, gajeru masu gashi, ba kamar namu na Azbin ba. Idan da kwana ɗaya na ƙari, ka je Turtuk, ƙauyen Musulmin Balti da aka buɗe wa baƙi a 2010.

Daga Nubra ana bin gefen kogin Shyok zuwa Pangong, awa 5 zuwa 6. A tashi da sassafe, domin ƙanƙarar tsauni na narkewa da rana, rafukan da ke ƙetare hanya su cika bayan azahar. Dare ɗaya ya isa a bakin tafkin. Wanda kansa ke ciwo ya ga tafkin ya koma Tangtse ya kwana, ta fi ƙasa. Komawa Leh ta mashigin Chang La ne, shi ma ya haura mita 5,300.

11. Abinci, salla da banɗaki

Kusan rabin mutanen Ladakh Musulmi ne, Kargil ma galibinta su ne. Masallacin Juma'a na Leh yana ƙarshen babbar kasuwa tun wajen 1666, a kewayensa akwai gidajen abincin Kashmirawa masu naman halal da masu gasa gurasa a tanderu. A ƙauyukan mabiya Buda ka tsaya a abinci mara nama: thukpa, wato taliya cikin romo, momo, wato ƙullin fulawa da ake turarawa, mai kayan lambu a ciki, shinkafa da miyar wake. Ka tambaya ko romon na nama ne. Shayin man shanu da gishiri ake yin sa, ka ɗauke shi kamar romo. Chang kuwa giyar sha'ir ce, ana miƙa wa baƙo ita a gidaje, ka ce juley ka ƙi.

Alƙibla a can yamma ce, ta ɗan karkata kudu. Wanda ya saba da cewa "fuskanci gabas" ya kiyaye. Ka cika filas da ruwan ɗumi tun dare don alwalar asuba.

Gidajen ƙauye na amfani da busasshen banɗaki: rami a bene, tulin ƙasa da shebur a gefe, in ka gama ka zuba shebur ɗaya ko biyu. Taki suke yi da shi, ruwa yana ɓata shi. Mai buta ya tambayi mai gida inda zai yi tsarki, za a nuna masa. Karnukan Leh suna da yawa da dare, kada ka bi lungu kai kaɗai, cizo kuma sai asibiti a ranar.

12. Kuɗi da komawa

Ka riƙe dala ka canza a Delhi ko Leh, ka ajiye rasit. Na'urorin cire kuɗi suna Leh, a wajenta ba abin dogaro ba ne, kuma katin naira kan ƙi aiki a waje. 'Yan ƙasa da waya suke biya, tsarin da baƙo ba ya samu cikin sauƙi, don haka ka tara takardun rupee 100 da 500. Ɗaki a ƙaramin masauki yawanci rupee 1,000 zuwa 2,500 ne a lokacin baƙi, kwanon thukpa 100 zuwa 200. Mota ita ce ke cin kaso mafi girma bayan tikitin jirgi.

Tsarin da ke sama kwana 9 zuwa 10 ne a Ladakh. Ka bar kwana biyu tsakanin jirgin Leh da wanda zai dawo da kai gida. Gajimare kan hana sauka, zafin rana ma ya taɓa sa a soke jirage a Yulin 2024 saboda iska ta yi sirantar da ba za ta ɗaga jirgi ba, a Mayun 2025 kuma an rufe filin na kwanaki saboda rikicin Indiya da Pakistan. Binciken tsaro a filin jirgin Leh yana da tsauri, ka isa awa biyu kafin tashi, batura da na'urar auna oksijin suna jakar hannu, fasfo da katin rigakafi suna aljihun gaba.